Mazaunin Sensar Oksijin a Jikin Hedar da Aka Ƙera da Hannu

 

Mai girma shugaban wannan zama, malaman da suka shirya shi, iyayenmu masu gareji da suka rufe wuraren sana'arsu suka zo, 'yan'uwana masu walda da masu gyaran wayarin, da ƙannena ɗalibai da yaran gareji da nake hangowa can baya, barkanku da zuwa. Ina godiya ga waɗanda suka ga ya dace a ba ni wannan dama. Allah ya saka da alheri.

Batun da aka ɗora mini ƙarami ne a ido: rami guda, faɗinsa bai kai inci ɗaya ba, wanda ake hudawa a jikin bututun hayaƙi don a ɗaura sensar oksijin. Idan mutum ya cire manifol ɗin da mota ta zo da shi daga kamfani, ya zauna ya lanƙwasa bututai ya ƙera heda da hannunsa, a ina zai huda wannan rami? Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, wannan tambaya ita ya kamata a fara amsawa tun ba a yanka bututun farko ba. Abin da aka saba kuwa shi ne a gama walda, a goge, a ɗaura, sannan a leƙa ƙarƙashin mota a nemi inda hannu zai shiga a huda. Daga nan matsala take farawa.

Saboda ƙannenmu ɗalibai, bari in faɗi bambancin a taƙaice. Manifol na kamfani galibi zubin ƙarfe ne mai kauri, gajere, yana tara hayaƙin silinda duka nan take. Heda kuwa kowace silinda da bututunta, ana ƙoƙarin tsawonsu ya zo ɗaya, sai su je su gamu a mahaɗa. Hayaƙi ba gudana yake yi a miƙe ba, bugu-bugu yake fitowa, kuma kowane bugu in ya wuce yakan bar ƙarancin matsi a bayansa, wanda ke taimakawa wajen zuƙo hayaƙin silindar da ke biye. Wannan zuƙowa ita ake nema, ita ce ke ƙara wa inji numfashi. Ku riƙe maganar bugun nan, za mu sake cin karo da ita.

Na farko, mu san abin da muke dasawa.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera wannan sensa, ta kuma shiga motocin kasuwa a 1976, a jikin Volvo da aka yi domin Kalifoniya, inda dokar hayaƙi take da tsanani ƙwarai. A cikinta akwai ɗan tangaran da ake kira zakoniya, an shafe shi da falatinam ciki da waje. Gefe ɗaya yana fuskantar hayaƙi, ɗayan yana fuskantar iska mai tsabta. In tangaran ya ɗau zafi, bambancin oksijin da ke tsakanin gefen biyu yakan haifar da ɗan lantarki. Mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, sai ta ba da kusan bolt 0.9. Iska ta yi yawa, sai ta sauko wajen 0.1. Tsakiyar, 0.45, ita ce inda kashi 14.7 na iska ke ƙone kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Birenbos, wato kwamfutar mota, yana kallon wannan lantarki, ya ƙara mai, ya rage, ya ƙara, ya rage, haka nan muddin inji yana aiki.

Wannan ita ce tsohuwar sensa, wadda abu biyu kawai ta sani: ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Akwai kuma mai faɗin ma'auni, wadda ke faɗin ainihin adadin. Honda ta sa irinta a Civic VX a 1992, Toyota na sa irinta ta kamfanin Denso a gaban yawancin Corolla da Camry da ke shigowa garejinmu, masu ƙera heda da saita inji kuma galibi Bosch LSU 4.9 suke amfani da ita. Ta fi tsohuwar daidaito, ta kuma fi ta saurin lalacewa in an dasa ta inda bai dace ba.

Birenbos alƙali ne da bai je inda abin ya faru ba. Ba ya ganin wutar da ke cikin silinda, ba ya jin warin hayaƙi. Shaida ɗaya gare shi a kan yadda mai ya ƙone, wato wannan sensa, kuma abin da ta faɗa a kai zai yanke hukunci. Ita kuwa ba ta ƙarya, abin da ya gifta ta gabanta take faɗa. In ka tsayar da ita inda rabin abin kawai za ta gani, ko inda labari zai iso mata a makare, ko inda baƙuwar iska za ta shigo, hukuncin zai fito a karkace. Laifin wa ke nan? Na wanda ya huda ramin.

Ku lura da wani abu kuma: oksijin take aunawa, ba fetur ba. In fulogi ɗaya ya mutu, mai da iska suka fita ba su ƙone ba, sensa za ta ga oksijin birjik ta ce mai ya yi kaɗan, alhali ɗanyen fetur ne ke bin bututu. Wanda bai san wannan ba zai yi ta canza sensa lafiyayya.

Na biyu, dole ta ga hayaƙin duk silindar da ake yanke wa hukunci da ita.

Wannan shi ne ginshiƙi. Kuskuren da na fi gani shi ne a dasa sensa a jikin bututun silinda ɗaya, don nan ne aka samu fili. To, silinda huɗu ba sa shan iska daidai wa daida, nozul huɗu ba sa fesa mai daidai wa daida. In wadda sensa ke kallo ta fi sauran samun mai, birenbos zai rage wa kowa, sauran ukun su shiga ƙishi. Inji mai ƙishin mai a kan babban aiki yana ɗaukar zafi, yana ƙwanƙwasa, ƙarshenta bawul ko fistin ne zai biya. In kuma wadda ake kallo ce mai ƙarancin mai, sai a ɗura wa sauran fiye da ƙima, fulogi su yi baƙi, mai mota ya dawo yana kukan shan mai. Masu saita injin tsere a kan na'urar gwaji sukan sa sensa a kowane bututu, gaskiya ne, amma don su gano bambancin silinda suke yi, kowace da ma'auninta.

Heda ta injin silinda huɗu iri biyu ce. Akwai wadda huɗun ke gamuwa wuri ɗaya. Akwai wadda suke gamuwa biyu-biyu tukuna, sannan biyun su zama ɗaya. A injin da ke tashi 1, 3, 4, 2, ana haɗa ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku. A wannan iri na biyu, in ka dasa sensa a ɗaya daga rassan tsakiya, rabin inji kawai take gani. Wurinta yana bayan mahaɗar ƙarshe.

Ko a bayan mahaɗar ma, kada a manna ta a baki. A daidai inda bututai suka buɗe, hayaƙin bai gauraya ba tukuna, kowane bugu yana bin gefen da ya fito, sensa sai ta fi jin bututun da ya fi kusa da ita. A ba shi tazarar inci 6 zuwa 8 bayan inda aka gamu, a miƙaƙƙen wuri, ba a cikin lanƙwasa ba. Kun ga dalilin da ya sa na ce tun a takarda ake fara wannan lissafi? In ka sa fulanji ko lanƙwasa nan take bayan mahaɗa, ka cinye wurin da sensa za ta zauna.

Injin V6 da V8 kowane ɓangare da sensarsa, kuma birenbos yana saita su daban-daban. Har wasu injina masu layi ɗaya an raba su haka: injin BMW mai silinda shida, M54, ya raba uku na gaba da uku na baya, RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ma silinda huɗu gare ta amma biyu-biyu aka raba su, kowane rabi da sensarsa. Kafin ka zana heda, ka tambayi kanka: silinda nawa kowace sensa take kallo a tsarin kamfani? Haka za ka mayar mata. Masu wayarin, ga naku: in aka musanya soket na dama da na hagu, birenbos zai riƙa ƙara wa ɓangaren da ya ƙoshi, yana rage wa mai ƙishi, har kowanne ya kai maƙura. Inji zai tashi lafiya da sanyi, ya fara rawa da zarar ya ɗau zafi.

Na uku, nisa daga kan inji. A nan zan ɗan daɗe, domin abu biyu ne ke ja-in-ja.

Tangaran ɗin nan ba ya magana sai ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa tun shekarun 1980 aka fara sa wa sensa hita a ciki. Mai faɗin ma'auni ta fi haka buƙata: LSU 4.9 tana riƙe tangaranta a digiri 780, kuma karatunta ya dogara ga tsayuwar wannan zafi. Hita tana iya ƙara zafi, amma ba ta iya ragewa. In hayaƙin da ke dukan sensa ya fi abin da take so zafi, babu abin da za ta iya yi, karatu ya karkace, rayuwarta ta gajarta. Bosch ya sa iyakar zafin hayaƙi a digiri 930, na jikin ƙarfenta inda sufana ke kamawa a 600. Hayaƙin injin fetur a bakin fita, in ana taka shi sosai, yana kai 800 zuwa 900. Saboda haka kamfanonin Amurka masu sayar da waɗannan ma'aunai, irin su AEM da Innovate, suke cewa a ja baya inci 18 zuwa 24 daga kan inji, a kai har 36 in injin mai tsananin zafi ne.

To, sai mutum ya ce, ai shi ke nan, a kai ta can baya a huta. A'a. Bututun heda siriri ne, yana da faɗin jiki a fili, yana zubar da zafi fiye da zubin ƙarfen kamfani nesa ba kusa ba. Tsohuwar sensa mai waya ɗaya, wadda ba ta da hita, in ka kai ta bayan doguwar heda, a kan hanya za ta yi aiki, amma da an tsaya a cunkoso inji yana silo sai ta huce ta yi shiru, birenbos ya koma lissafin da ya haddace, shan mai ya ƙaru. Maganin wannan a sauya ta da mai waya uku ko huɗu, a ja wa hitar wuta ta hanyar rile.

Sai kuma jinkiri, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi. Mu yi lissafi tare. Ɗauki injin lita 2 yana silo a juyi 800 a minti. Inji mai bugu huɗu yana cika silindarsa sau ɗaya a juyi biyu, wato sau 400 a minti. A silo maƙogwaronsa kusan a rufe yake, abin da yake shaƙa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na cikinsa ba, kusan lita 4 ke nan a daƙiƙa. Zafi ya kumbura shi, a ce ya ninka, lita 8. Yanzu ka ƙera heda mai bututu huɗu, kowanne faɗin cikinsa milimita 38, tsawonsa santimita 80. Kowanne yana ɗaukar kusan lita 0.9, huɗun lita 3.6. Ka ga hayaƙi zai ɗauki kusan rabin daƙiƙa kafin ya isa mahaɗa. Rabin daƙiƙa mene ne? A wurin birenbos da aka saita shi a kan gajeren manifol, lokaci ne mai tsawo. Ya ƙara mai, ya saurara, bai ji canji ba, ya ƙara ƙarawa. Kafin labari ya iso ya zarce, sai ya juyo ya zarce ta ɗaya gefen. Shi ne za ku ji silo yana hawa yana sauka, na'urar duba mota ta nuna P0133, wai sensa ta yi nawa, alhali sabuwa ce fil.

Abin da nake ba da shawara shi ne wuri mafi kusa da inji wanda ya cika sharaɗin ganin silinda duka, bai kuma ƙetare iyakar zafi ba. In tsawon hedar ya tilasta nisa, a san cewa aiki bai ƙare a walda ba, sai an gyara lissafin jinkiri a cikin birenbos in irin wanda ake iya saitawa ne. In ba a iya saita shi, a rage tsawon hedar. Na fi son heda matsakaiciya da inji ya yarda da ita a kan doguwa da za a yi ta faɗa da ita kullum.

Na huɗu, kusurwa. Wannan gajere ne, amma shi ya fi kashe sensa.

Duk litar fetur da aka ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. In an kashe mota bututu ya huce, tururin ya koma ruwa ya kwanta a ƙasan bututu. Wanda ya taɓa ganin salansa tana ɗiga da safiyar hunturu ya ga abin da nake faɗa. Hita tana gasa tangaran cikin 'yan daƙiƙu, ɗigon ruwa mai sanyi ya faɗa masa, ya tsage. Tsagewar ba a ganinta daga waje. Shi ya sa Bosch ya ce a ɗaga bayan sensa, wato wajen waya, aƙalla digiri 10 sama da kwance, bakinta yana kallon ƙasa, don ruwa ya zube daga cikinta. A gareji, ku kalli bututu ta baki kamar fuskar agogo, ku dasa tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2. Ƙarfe 6 kuwa kada a kusance shi. Ban da ruwan ciki, sensar da ke leƙe a ƙasa ita ce farkon abin da dutse da tudun hanya za su samu, ita ce kuma za ta fara nutsewa a kududdufin damina tana da zafi.

Kada kuma a bar makulli a buɗe hita tana gasawa inji bai tashi ba, musamman a ma'aunin da aka ɗaura daga baya. Kada a bar sensa a cikin bututu babu wuta a jikinta inji yana aiki, toka za ta toshe ta.

Na biyar, yoyo.

Ku tuna bugun da na ce a riƙe. Bayan kowane bugu, matsin cikin bututu yakan faɗi ƙasa da na waje na ɗan lokaci. Ma'ana, ramin da hayaƙi ke fita ta cikinsa, iska ma tana shiga ta cikinsa. Ramin allura a jikin walda, gasket da bai zauna ba, fulanjin da zafin walda ya lanƙwasa, mahaɗar da aka zura bututu cikin bututu ba a walde ba, duk wanda ke gaban sensa ko dab da bayanta zai shayar da ita iskar waje. Ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara, na'ura ta nuna P0171, fulogi kuma ga su baƙi ƙirin. Sau nawa aka canza famfon mai da nozul a kan wannan, alhali ramin da bai kai kan allura ba ne?

Masu walda, amanar tana hannunku. Fulanji ya yi kauri, wajen milimita 10, a ɗaure shi a kan miƙaƙƙen ƙarfe lokacin walda, a daidaita fuskarsa bayan ya huce. Kafin a ɗaura heda, a toshe bakunanta, a hura iska, a shafa ruwan sabulu a kan kowace walda. Kumfa ba ta ɓoye komai. Bakin salansa ma ƙofar iska ce: a bar aƙalla inci 18 zuwa 24 na bututu bayan sensa, in ba haka ba iskar waje za ta riƙa komowa ta same ta, musamman a silo.

Na shida, mazaunin kansa da waya.

Mazaunin noti ne da ake waldawa a jikin bututu, haƙorinsa M18 da tazarar 1.5, kusan duk sensa haka take, sufana 22 ke kama ta. Bakin sensa ya shiga cikin hayaƙi sosai. In mazaunin ya cika tsawo, bakin ya maƙale a cikin rami, hayaƙin da ke wurin ba ya sabuntuwa da sauri, an sake jawo jinkiri. Ana amfani da dogon mazauni ko farantin tagulla da gangan in zafi ya yi yawa, amma magani ne na dole, gyara wuri ya fi shi. Ƙarfen mazauni ya zama irin na bututu, mara tsatsa da mara tsatsa. A cire sensa kafin walda. In a jikin mota ake yi, a cire batir da soket ɗin birenbos. A share ɓarɓashin huda tas, kada ya tafi cikin turbo ko indomi, wato matatar hayaƙi. Bayan ya huce a sake bin haƙoran da abin gyaran haƙori, domin zafi yakan ɗan murɗe su. Man hana maƙalewa a kan haƙori kawai, kada ya taɓa baki. Ɗauri tsakanin 40 da 60 a ma'aunin Niyuton-mita. A kuma bar wurin da sufana za ta shiga gobe, a tuna cewa inji yana girgiza a kan mazauninsa, abin da ya tsira da ƙyar a tsaye zai daki shasi a tafe.

Waya kada a yanke ta a yi mata dalma ta ɓangaren sensa. Da yawa daga cikinsu ta tsakanin zaren wayar suke shaƙar iska mai tsabta da suke kwatanta hayaƙi da ita. In nisa ya ƙaru, a yi ƙarin waya mai soket a ɓangaren mota, a nisanta ta da bututu. Gam ɗin silikon da muke son shafawa a kowane gasket guba ne ga sensa, sai wanda aka rubuta cewa ba ya cutar da ita. Ruwan lagireto daga tof gasket da ya ƙone, da baƙin mai daga ringin da ya cinye, su ma haka. Fetur mai dalma ya bar kasuwannin Afirka kudu da Sahara tun 2006, wannan kam mun huta da shi.

Na bakwai, turbo, indomi da gas.

In da turbo, sensa bayansa take zama. A gabansa akwai zafi, akwai kuma matsi, matsi kuwa yana sa mai faɗin ma'auni ta zuzuta abin da ta gani: in mai ya ɗan yi yawa sai ta ce ya yi yawa ƙwarai. Mai saitawa ya gaskata ya rage, a daidai lokacin da inji ya fi buƙatar mai don ya sanyaya kansa.

Sensar da muke ta magana a kanta gaban indomi take zama. Ta bayansa aikinta duba lafiyarsa, tsarin da ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma ita ke kawo P0420 in ya daina tacewa. Doguwar heda tana tura indomi nesa, ya makara wajen ɗaukar zafin da zai fara aiki. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. Da Mazda ta sa wa injin Skyactiv-G doguwar heda mai haɗuwa biyu-biyu, sai da ta jinkirta tartsatsin fulogi bayan tashin inji don hayaƙi ya fito da zafi, ta kuma sake siffar kan fistin don wuta ta tsaya a haka. Ku duba irin aikin da tsawon bututu ya jawo.

A nan zan faɗi abin da ke raina. Na san ana cire indomi ana sayarwa saboda falatinam da faladiyam da rodiyam da ke cikinsa, a sa wa sensar baya ƙarin noti don fitilar gargaɗi ta mutu. A Amurka doka ta hana wannan a motar da ke hawa titi, a Kalifoniya ma heda sai hukumar kula da iska ta amince da ita. Mu ko ba wanda ya tsare mu, wa ke shaƙar abin da ke fitowa? Yaron da ke kwance ƙarƙashin motar, mai talla a bakin titi, ɗan acaɓan da ke biye da ita. Ina roƙonku, in kun zana heda ku zana wa indomi wurinsa.

Motocin da ake mayarwa gas, waɗanda suka yawaita a Najeriya tun cire tallafin mai a 2023, dokar wuri ba ta canza musu ba. Gas yana son iska kashi 17.2 ne, ba 14.7 ba, amma sensa ragowar oksijin take kallo, don haka tsakiyarta tana nan inda take. Sai dai gas ya fi fetur haifar da ruwa, maganar kusurwa ta ƙara nauyi ke nan.

Na takwas, kada mota ta bar gareji sai an tambaye ta. A jona na'urar duba mota tun inji yana da sanyi, a ga tsawon lokacin da birenbos ke ɗauka kafin ya fara sauraron sensa, a ga ko yana ci gaba da sauraronta bayan minti goma a silo. A duba gyaran mai na gajeren lokaci da na dogo, a silo da kuma a juyi 2,500. In jimlarsu tana cikin kashi 10 bisa ɗari sama ko ƙasa, galibi lafiya. In ta yi sama a silo ta sauko da aka taka, a nemi yoyo, ko a heda ko a ɓangaren shan iska. In injin V ne, ɓangare ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, a duba soket. Bayan 'yan kwanaki mai mota ya dawo a sake ɗaure notunan fulanji, domin zafi da sanyi sukan sassauta su.

Mai girma shugaba, na ga an yi mini alamar lokaci.  Yanzu fili naku ne. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi irin motar da irin injin, in da hali har da lambar da na'ura ta nuna masa, sai mu duba tare. Zan so masu walda su fara.